Ƙyallen Da Ya Kwana A Waje

Bana shekara bakwai ke nan da mutuwar Lawali. A wurina shida da rabi ne, don labarin ya yi wata shida a hanya kafin ya iso Dakoro. Duk watannin nan ina ba mutane labarinsa kamar mai rai.

Ba Lawali iyayensa suka raɗa masa ba. Mutumin Japan ne. Sunansa na gida ya gagari harshenmu, da ya ce shi ne ɗan fari a ɗakinsu sai muka ce, to kai Lawali ne. Ya karɓa. Aikin rijiyoyi ya kawo shi nan, ya yi shekara huɗu ya koma. Ni maginin rijiya ne, sunana Illa. Ban yi lakwal ba, wato boko. Ina faɗa ne, Mushe Abdu, tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki, yana rubutawa. Mushe muke ce wa malamin lakwal a nan. Na ce masa kada ya ƙara wa maganata gishiri.

Baƙin da muka saba gani a bakin rijiya suke tsayawa da takarda a hannu. Shi ranar farko ya ce a ɗaura masa igiya. Muka zura shi zurfin gaba arba'in. Da muka jawo shi sai ya koma gefe ya yi amai, ya goge baki, ya ce da gurguwar Hausarsa, “Gobe ma.” Daga ranar na daina kiransa baƙo.

Ban taɓa wuce Damagaram ba. Amma akwai wani ƙaramin gari a Japan da in aka sauke ni a bakinsa yau, zan kai kaina ƙofar gidan Lawali ban tambayi kowa ba. In rana ta take muka zauna gindin aduwa shan fura, sai ya ɗauki tsinke ya zana mini shi a ƙasa. Iska ta share, gobe ya sake. Da ya gaji sai ya zana shi a takardar buhun siminti ya ba ni. Tana nan.

Duwatsu biyu ne dogaye, itatuwa sun rufe su ruf. Kogi ya bi tsakaninsu kamar igiyar da aka yar. Hanya ɗaya ce, tana bin kogin, gidaje na bin hanyar. Gonakin shinkafa an sassaƙa su a jikin dutse hawa-hawa. Gidansu shi ne na ƙarshe can sama, inda hanya ta ƙare, bayansa sai kaburburan kakanninsa. Ruwa ba a gina masa rami a can. Daga dutse yake gangarowa, wahalarsu ita ce yadda za su rabu da shi. Na ce, “Kai da ba ka taɓa jin ƙishirwa ba, mi ya kawo ka ginar rijiya?” Ya ce abin da mutum ba shi da shi, shi yake zuwa kallo. Lokacin sanyi kuma wata ƙanƙara mai laushi kamar auduga ke zuba har ta toshe ƙofa, sai mutane sun hau rufi sun kwashe ta, in ba haka ba ɗaki ya rufta. Wannan ban yarda ba sai da na ga hoto.

Asalin garin zango ne. Fatake ke ɗauko gishiri daga bakin teku a bayan dabbobi, su haye duwatsu, su kwana nan kafin su wuce. Na ce ashe ku ma kuna da ayarinku kamar na Buzaye. Da gishiri ya canza hanya sai mutanen garin suka koma katako da gawayi. Bayan babban yaƙin da ya ci ƙasarsu, kakanni suka dasa itatuwa a duk jikin duwatsun, don jikoki su sare su sayar. Itatuwa suka girma, jikoki ba su nan. Jirgin ƙasa ne ya kwashe su. Ya ce ranar da jirgin ya fara zuwa biki aka yi, an zaci mutane zai kawo. Ashe kwasa ya zo yi.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda suke riƙe da garin. Kafin shuka akwai ranar da kowane gida ke ba da mutum ɗaya a yashe hanyoyin ruwa, gayya dai irin tamu, wanda bai zo ba ya ji kunya shekara guda. In wuta ta tashi mutanen gari ne da kansu ke kashewa, kowa ya san wurin tsayuwarsa. In meri, wato ofishin magajin gari, na da sanarwa, sai a maƙala takarda a wani ɗan allo, wannan gida ya karanta ya kai wa na gaba, hannu da hannu, har allon ya zagaye unguwa. Da maraice kuma amsa-kuwwar da ke kan dogon ƙarfe a tsakiyar gari na sakin wani kiɗa, yara su san lokacin komawa gida ya yi.

Ya koma ne don mahaifinsa ya tsufa. A can ɗan fari shi ke riƙe gida da kaburbura. Bai so tafiya ba. Bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Wasiƙa ta riƙa zuwa shekara-shekara da Faransanci, Mushe Abdu na karanta mini. An rufe makarantar garin, yara ba su kai a buɗe ta ba. Jirgin ƙasa ya daina zuwa. Gwamnati ta haɗe garinsu da maƙwabtansa aka yi komin ɗaya, wato ƙaramar hukuma guda, meri ya koma can gangare, sunan garin ya rage a jikin tashar mota da duwatsun kaburbura. Birai da aladun daji sun karɓe gonakin sama. Amsa-kuwwa dai na nan tana kiɗanta kowane maraice, tana kiran yaran da babu.

Sau ɗaya ya dawo mana, kwana goma, kansa ya yi fari. Bai yi aure ba. Ya ce an naɗa shi shugaban unguwa don shi ne yaro a cikinsu, yana da shekara sittin. Muka yi dariya. Muna zaune bakin wata rijiya da muka gina tare sai ya ciro wani ƙyalle ruwan ɗorawa daga jaka, bai fi faɗin faifai ba, ya miƙo mini.

Ya ce sabuwar al'adar garinsu ce. Duk tsohon da ke zaune shi kaɗai, da safe ya rataye ƙyallen a ƙofar gida, da maraice ya shigar da shi. Wanda ya wuce ya ga ƙyalle ya san mai gida ya tashi lafiya. In babu ƙyalle a ƙwanƙwasa. Shi ne ke zagayawa safe da maraice yana dubawa.

Na yi dariya har da tari. Na ce, “Lawali, ku da kuka ƙera mota da rediyo, sallama ce ta gagare ku? Nan in hantsi ya yi ba a ga mutum ba, mutum goma sun leƙa shi. Zumunta a ƙafa take, ba a tsumma ba.”

Ya ce, “Illa, ƙafafun ne suka ƙare.”

Na ce, “Namu ba su ƙarewa.”

Sai na ba shi labarin da ban cika bayarwa ba. Wana Hamidu a gindin rijiya ya mutu, muna sama mu huɗu. Mugunyar iskar rami ta kama shi, ya zauna da igiya a ƙugu. Mu kuwa muna ganin igiya a miƙe, muna cewa aiki yake. Tun daga ranar, in na zura mutum ba na duban igiya. Kira nake, ya amsa. Na ce masa, “Igiya ba ta numfashi. Tsummanka ma haka.”

Ya dubi ƙyallen. Can ya ce, “Gaskiyarka. Amma riƙe shi.” Na karɓa don kada ya ji kunya. Na naɗe takardar simintin da shi na jefa a akwati.

Wasiƙar ƙarshe ba hannunsa ba ne. Ƙanwarsa ce da ke aure a birni ta sa aka rubuta. Mushe Abdu ya karanta rabi ya tsaya, na ce ƙarasa.

Wata safiya Lawali ya rataye ƙyallensa, don shi ma ya kai shekarun ratayewa. Ya koma ciki, ya faɗi, bai tashi ba. Mai kai wasiƙu ya zo ƙarshen hanya ya juya mota, ya ga ƙyalle, ya wuce. Tsohuwar da ke gidan ƙasa da nasa ta ɗaga kai kowace safiya, ta ga ƙyalle, ta ce madalla. Kowa safiya yake dubawa. Ba wanda ya duba maraice ya ga ba a shigar da shi ba. Mai lura da wannan shi ne ke kwance a ciki. Kwana tara ƙyallen yana waje. Rana ta goma allon sanarwa ya zagayo gidansa, tsohuwar ta hau da shi da sandarta don ta ba shi hannu da hannu. Ita ta same shi.

Na gina kaburbura da yawa, don mai ginar rijiya shi ake kira. Mutum ya cika da safe, kafin azahar mun rufe shi. Kwana tara. Na kasa cin abinci ranar. Ba musulmi ba ne, na kuma ji ƙona gawa suke yi a can. Wannan na bar shi tsakaninsa da Mahaliccinsa. Abin da na sani, ya shayar da mutanen da ba su san sunansa ba, da dabbobinsu.

Gaskiyata ta fito, igiya ba ta numfashi. Ban ji daɗin gaskiyar ba ko kaɗan.

Da zai dawo yau, da me zai gani? Dakoro ta cika ta batse. Famfo mai aiki da hasken rana, salula a hannun mai kiwo, babura sun fi jakuna. Zai ji daɗin famfon, zai buɗe shi ya ga cikinsa, haka yake. Amma ba zai iya kwana a dajin da muka kwana ba, daji ya ɓaci da masu bindiga, baƙo irinsa ba ya zuwa nan yanzu. In kuma ya ce in kai shi tungarmu, can kan hanyar Rumbu, nan ne zan sunkuyar da kai.

Gida goma sha ɗaya muke da ya san mu. Rijiyarmu ta ja baya, aka kafa famfo a wani gari, mata suka gaji da tafiya, gidaje suka bi ruwa ɗaya bayan ɗaya. Samari suka yi arewa, wasu Agadas, wasu Libiya, wasu wurin zinariya. Mu ba jirgin ƙasa ya kwashe namu ba, bayan akori-kura ne. Matata ta rasu. Ɗana na Libiya, yana kira in ya samu hali. 'Yata na aure a Ɗan Gulbi, ta yi ta yi in koma wurinta. Ba na zama gidan suruki. Kabarin matata da na Hamidu suna nan. Yanzu na gane abin da ya mayar da Lawali ƙarshen hanyarsa.

Hayaƙi biyu ya rage a tungar. Nawa a kan wannan tudu, na Sha'aibu a kan wancan, fadama a tsakani. Sha'aibu taubashina ne, ɗan kawuna. Damina ɗaya aka haife mu, tun muna yara kowannenmu ke cewa shi ne babba. Da akwai mutane, a masallaci muke haɗuwa, ba wanda ya je gaida wani. Da mutane suka watse sai abin ya zama gardama. Shi yana jira in hau in gaishe shi, ni ina jira ya gangaro. Wasa ne da farko. Wasa ya yi shekara biyu. Sai mu yi sati ba mu ga juna ba, sai ranar kasuwa.

Bara bayan girbi zazzaɓi ya kayar da ni. Kwana uku. Salula ta mutu, ba wuta. Randa na bakin ƙofa, taku biyar, da rarrafe nake kai mata. Rana ta biyu da hantsi ina kwance ina jin akuyata na kuka a turke, na tuna bakina da ya ce mutum goma sun leƙa. Ko kare bai leƙo ba. Mutuwa ba ta ba ni tsoro, na sha ganinta a gindin rami. Abin da ya ba ni tsoro shi ne in kumbura a ɗaki ba wanka ba salla, ungulu ta riga mutane sani. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni dariya na yi wa gemun Lawali.

Da na miƙe na buɗe akwati. Ƙyallen na nan, bai koɗe ba. Na samo doguwar gora na kafa a kan rumbu, na ɗaura shi. Na ji kunya kamar wanda aka kama yana bara. Ban gaya wa kowa ba. Da maraice na sauke. Kwana huɗu ina haka, ba wanda ya gani sai shaho.

Rana ta biyar na hango jaki yana hawowa daga fadama. Sha'aibu ne. Bai yi sallama ba sai da ya zo gindin rumbu ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

“Kai bawana, mi ka shanya? Bori ka shiga da tsufa?”

Na ce, “Ka sauka ka gaida ubangidanka tukuna.”

“Ni gaisuwa na zo? Matar Bello mai nono ta ce ta ga wani abu na rawa bisa rumbunka. Na ce bari in zo in gani ko haukan da muke jira ne ya iso.”

Ya sauka. Ya dube ni da kyau, ya ga yadda na rame. Na shimfiɗa masa buzu. Na ba shi labarin zazzaɓin, na ba shi na Lawali, duka, har kwana taran. Na ce abin da nake so kaɗan ne. Da safe ya duba daga tudunsa, in ya ga ƙyalle na tashi. Da maraice ya sake dubawa, in ya ga ƙyalle har yanzu, to ya zo da magirbi da likkafani. Na ce maraicen ya fi safiyar muhimmanci, kada ya manta.

Ya yi ta tauna goronsa. Sannan ya ce, “Illa, kai dai jaki ne tun kana yaro. Ni da ba ni rarrabe akuya da tunkiya a taku ashirin, ni za ni hango tsumma daga wancan tudu? Idon ya tafi tun bara waccan.”

Ban sani ba. Shekara biyu ina cewa girman kai ne ya hana shi ɗago mini hannu in na hange shi. Ashe ba ya ganina ne. Shi ma bai faɗa ba, don kada in yi masa dariya.

Ya ce, “Bar shi dai a sama. Ni za ni zo in duba.”

Tun daga ranar, hantsi na yi jakinsa na hawowa. Ba ya ganin ƙyallen sai ya zo gindin rumbu. Sai ya ɗaga kai ya ce, “To, tsumma na nan. Mai tsumma fa?” In amsa daga ciki. Har yau yana rantsuwa ba gaishe ni yake zuwa yi ba, ƙyalle yake dubawa. Da la'asar ni nake sauke shi, in sa a aljihu, in gangara fadama in hau tudunsa in nuna masa na sauke. Ni ma ba gaisuwa nake zuwa yi ba. Muna shan shayi tare.

Da Lawali na nan da ya yi dariyarsa marar sauti, ya ce wa ya yi gaskiya a cikinmu? Ban sani ba. Ƙyalle shi kaɗai ya bar shi kwana tara. Ƙafa ita kaɗai ta bar ni kwana uku. Allon da ake kaiwa hannu da hannu shi ya gano shi, makaho a kan jaki shi ke gano ni.

Rijiyoyin da muka gina, wasu sun kafe, wasu yashi ya ci. Sunansa na gaskiya ba wanda ya riƙe a nan, garinsa ma an shafe nasa sunan. Wani lokaci da maraice ina buɗe takardar simintin in bi hanyar da yatsa, daga tashar mota, in wuce makarantar da aka rufe, in bi kogi har gidan ƙarshe. Ina tunanin ko amsa-kuwwar nan na kiɗanta har yanzu, ko akwai mai ji. Ba wanda zan tambaya. Wasiƙa ta daina zuwa.

Abin da ya rage mini na Lawali ke nan: garin da ban taɓa gani ba, da ƙyalle mai faɗin faifai. Na san lissafin bai cika ba. Mu biyu ne, dole ɗaya ya riga ɗaya. Wanda ya riga ya ci riba, za a wanke shi a rufe shi ran nan. Wanda ya saura shi zai zama Lawali.

Na faɗa wa Sha'aibu haka jiya. Ya ce, “To ka yi haƙuri, ni ne babba, ni za ni riga.”

Karo na farko a shekara saba'in da wani abu, ban yi masa gardamar girma ba. Na miƙe na koma tuduna, don gobe da safe akwai ƙyallen ratayewa.